Yadda Kalli-Nan Ya Gyara Zanzaro

Duk layin shagunan nan ba wanda bai san Kalli-Nan mai hoto ba, kuma ba wanda bai taɓa gajiya da surutunsa ba. Sunan ya samo asali ne daga abin da yake faɗa wa duk wanda ya zauna a kujerar shagonsa, har sunan ya bi shi gida, matarsa ma in ranta ya ɓaci da shi take kiransa. Ya iya aikinsa, wannan kam ba a ƙwace masa ba, sai dai bakinsa ya fi hannunsa gudu. A cewarsa babu mummuna a duniya, sai wanda bai zo shagonsa ba tukuna. Ka shigo da ƙurji a goshi ka fita babu shi, ka shigo da hanci a baje ka fita da shi a tsaye, baƙi wuluk ya fita wankan tarwaɗa. A wurinsa danna kyamara rabin aiki ne, sauran rabin yana gaban kwamfuta, kuma miƙa wa mutum hoto ba a gyara ba raini ne.

'Yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun ƙwari. Karatun ya daɗe yana ci masa rai. 'Ya'yan mutane suna karanta likitanci, tasa tana bin kiyashi da kwalba. Amma in a gaban maƙwabta ne sai ya gyara zama ya ce ai ƙwari su ne makomar duniya, wanda bai sani ba ya je ya tambaya.

Wata rana Auta ta dawo gida idanu jajur, ta ajiye jaka ta zauna a bakin gado ko takalmi ba ta cire ba.

"Dakta ta dawo mini da hotunan gaba ɗaya," in ji ta. "Ta ce ba a gane ko zanzaro ne ko ɗigon tawada."

Dakta ita ce malamar da ke duba aikin bincikenta na ƙarshe. Binciken kuwa a kan wani irin zanzaro ne mai farautar gizo-gizo: macen takan harbe shi ya sandare, ta ja shi zuwa raminta, ta yi ƙwai a jikinsa, ɗanta ya ƙyanƙyashe ya tarar da abinci. Ba kashe su ake yi ba a wannan bincike. Hoto ake ɗauka a inda suke, daga hoton kuma ake gane wane iri ne: launin fiffike, jijiyoyin cikinsa, ƙayoyin ƙafa, 'yan siraran ƙahonnin nan biyu na ka, da irin gizon da ta kamo. Wayar Auta ta kasa. In kuwa damina ta wuce zanzaron suka ɗauke ƙafa ba ta samu hotuna ba, to 'yan ajinsu za su fita su bar ta.

Kalli-Nan ya ajiye kofin da ke hannunsa a hankali. "Wato a gidan nan, ina raye, aka rasa hoto?"

"Baban Auta," in ji matarsa, "wannan fa ba amarya ba ce da za ka ce ta ɗaga haɓa."

"Duk abin da Allah ya yi wa fuska, ni ne maganinsa. Na ɗauki jarirai masu kuka, na ɗauki tsofaffi masu gyangyaɗi, na ɗauki ango da surukarsa suna dariya a hoto ɗaya. Ƙwaro ne zai gagare ni?"

Auta ta dube shi, ta dubi uwarta. Ba ta da wata dabarar, don haka ta ce to.

Washegari da hantsi aka ga Kalli-Nan ya nufi kangon filin da ke bayan shaguna, niƙi-niƙi da kaya: ƙafar kyamara, fitilu biyu, farar lema, da jan labulen da yake ratayawa a bayan amare. Tela da mai aski, maƙwabtansa na dama da hagu, suka bar aikinsu suka jingina da katanga.

"Biki ake a ciyawar?" in ji tela.

"Kimiyya ake. Ka koma kan kekenka."

Auta ce ta fara hango ta. Baƙar zanzaro ce mai sheƙi, tana tafiya da baya-baya, tana jan wani gizo da ya fi ta girma, tana karkaɗa fukafukai kamar mai sauri. Auta ta yi raɗa ta ce mace ce, domin matan ne kaɗai ke farauta, mazan ko ƙari ba su da shi. Kalli-Nan ya kafa labule, zanzaro ta bi ta ƙarƙashinsa. Ya ciro labule ya zagaya, iska ta ɗauki lema ta kifa wa mai aski. Ya durƙusa, ya saita, ya ɗaga yatsa sama ya kaɗa, ya ce da muryar aiki, "Kalli nan. Yauwa, kalli nan, hajiya."

Tela ya zame daga jikin katanga don dariya.

Hajiya dai ba ta kalla ba. Ta isa bakin raminta, ta ajiye gizon, ta juya za ta shiga. Nan Kalli-Nan ya yi abin da yake yi wa yaro mai son gudu daga kujera, ya sa yatsa ya toshe ƙofar.

"Baba, kada ka..."

Ba ta ƙarasa ba. Abin da ya ji a yatsan nan, ya ce daga baya, kamar an soka masa ƙusa mai zafi an kuma haɗa ta da wutar lantarki. Bai yi ihu ba, domin numfashin ihun ma bai samu ba. Ya kwanta a gefe ɗaya cikin ciyawa ya naɗe kamar tabarma, hawaye na bin kunnensa.

"Da zafi?" in ji mai aski, yana leƙo shi da lema a hannu.

"Ko kaɗan," in ji Kalli-Nan daga ƙasa. "Kusurwa nake nema."

Yatsan da yake danna kyamara da shi ne, kuma ya kumbura ya yi suntum. Da yamma yana zaune matarsa na ɗaure masa shi, ya dubi abin ya ce, "Shekaru ina cewa mutane kada su motsa, yau ƙwaro ya nuna mini yadda ake sa mutum ya daina motsi." Ta ce to Allah ya sa ya ji. Bai ji ba.

Dabara ta biyu a wani tsohon littafin koyon hoto ya taɓa ganinta: in ka sa ƙwaro a sanyi jikinsa yakan mutu na ɗan lokaci, ka ɗauke shi yadda kake so. Ya kama wata da kwalba, wannan karon da safar hannu har biyu, ya lallaɓa ya tura kwalbar cikin firjin mai lemo da ke ƙarshen layi, bayan kwalaben lemo, bai gaya wa mai lemon ba. Da ya dawo ɗauka ya tarar wani ɗan makaranta ya riga shi ciro ta, mai lemo tana riƙe da kwalbar tana neman wanda ya yi mata asiri. Sai da tela ya sa baki kafin ta yarda ta ba shi, bayan ta faɗa masa maganganun da ba a maimaitawa.

Ya kawo zanzaro shago a sandare, ya kwantar da ita a kan furen roba, ya kunna fitilu duka. A lokacin akwai wani ƙaton direban babbar mota a kan benci yana jiran hoton fasfo. Kalli-Nan ya ce ya yi haƙuri, akwai babbar baƙuwa a gabansa. Abin da littafin bai faɗa ba, ko kuma ya faɗa a shafin da ya yage, shi ne fitilun shagon hoto zafi gare su. Yana cikin gyara mata ƙafa da tsinken ashana sai ta miƙe, ta shafa fuska, ta tashi.

Shagon ɗaki ɗaya ne, ƙofa ɗaya. Direba ya yi ƙofa, Kalli-Nan ya yi ƙofa, suka cushe a ciki kafaɗa da kafaɗa. Direba ya ja baya ya taka wayar fitila, fitila ta faɗo kan labule, labule ya rufto musu duka biyun. Mutanen layi suka fito suka ga jan labule yana birgima a bakin titi da ƙafafu huɗu, zanzaro kuwa ta fita ta taga abinta.

Da Auta ta ji labari sai ta dafe kai. "Baba, ko da ka ɗauka ba shi da amfani. A fili ake so, tana cikin aikinta. Furen roba ba ya cikin binciken."

"Ai da kin faɗa."

"Na faɗa."

"Ba ki faɗa da ƙarfi ba."

Daga nan jarrabawa ta kama Auta, ya zama shi kaɗai yake fita. Kuma a nan ne, in za a faɗi gaskiya, mutumin ya yi abin a yaba. Ya bar fitilu da labule a shago. Ya koyi kwanciya rub da ciki a rana, kyamara a ƙasa, ba motsi, har tururuwa ta mai da bayansa hanya. Wata rana wata mata mai wucewa ta hango shi a miƙe ta ɗauka faɗuwa ya yi, ta yi kururuwa, mai aski ya sheƙo da bokitin ruwan wanke kai ya juye masa. Ya tashi da kumfa a kunne yana tambayar wanda ya aike su. Amma a hankali ya gane lokacin fitowarsu, ya gane inda suke ajiye gizo su je duba rami su dawo. Ya ɗauko hotuna masu yawa, tar da su, har ƙwayar ƙasar da ke jikin ƙafa ana gani.

Ya zauna gaban kwamfuta ya buɗe su, sai ransa ya ɓaci. Ga haske, ga kaifi, amma masu hoton ba su shirya ba. Ƙafafu duk gashi da ƙayoyi, kamar waɗanda suka yi gaba da mai aski. Fukafukai duhu, cike da jijiyoyi kamar bayan hannun tsohuwa. Ƙahonni a nannaɗe. Mafi muni, a hoton da ya fi kowanne kyau, gizon da take ɗauke da shi ba ƙafa ko ɗaya, dunƙule kawai. Ya ce a ransa, wannan za a haska a jami'a, gaban manyan malamai, a ce aikin uban yarinyar ne? Ya naɗe hannun riga.

Ya aske ƙafafun suka yi sumul. Ya goge jijiyoyin da suka yi yawa, ya bar 'yan kaɗan don tsari. Ya ƙara wa fukafukan haske, kamar yadda kowace mai zuwa shagonsa take roƙo, har suka koma ruwan zuma. Ya miƙe ƙahonnin suka tsaya cak. Gizon nan kuwa tausayinsa ya kama shi, ya nemo ƙafafu daga wani hoton ya dasa masa takwas cif, har da inuwarsu a ƙasa. Ya jingina da kujera ya dubi aikinsa, ya ji ƙwalla na neman zubo masa don daɗi.

Auta ta karɓi hotunan ta yi tsalle ta rungume shi, abin da rabonta da yi tun tana firamare. Can kuma ta tsaya a kan babban hoton, ta matso da fuska.

"Baba, ka tabbata wannan ce ta ɗauko gizon?"

"Da idona. Ina kwance a gabanta."

Bai yi ƙarya ba, kuma bai ga abin ƙarawa ba. Wa yake miƙa hoto ya ce na gyara? Ai kowa ya san ana gyarawa.

Bayan 'yan kwanaki ta dawo tana haki. Dakta ta duba duk littattafanta ba ta ga irin wannan ba. Jikin na wani iri ne da aka sani, amma fiffiken ba nasa ba ne, ƙafafun ba nasa ba ne, ƙahonnin kuma a miƙe kamar na namiji, alhali namiji ba ya farauta. Dakta ta ce ba za ta yi saurin cewa sabon iri ba ne, amma ta aika wa wani tsohon Farfesa da ya ƙare rayuwarsa a kan zanzaro, kuma ya ce zai zo da kansa ranar da Auta za ta kare bincikenta.

Dakta ba ta yi sauri ba, Kalli-Nan ya yi mata. Kafin la'asar duk layi ya ji cewa ya gano ƙwaron da duniya ba ta sani ba, kuma za a sa masa sunansa.

"Wato za a riƙa cewa Kalli-Nan ya harbi wane?" in ji tela.

"Za a rubuta shi a littafi. Jikokinka za su haddace shi kafin a ba su sakamako."

"To ƙwaro ya samu suna. Kai me ka samu?"

"Kumburi," in ji mai aski.

"Ku dai ku wanke rigunanku. Zan tafi da ku ku ga yadda ake karrama mutum."

Ranar ta zo. Ɗakin taron ya cika da ɗalibai da malamai, domin labari ya zaga sashen. Kalli-Nan ya zauna a layi na biyu cikin rigar da tela ya kwana biyu yana guga, tela a damansa, mai aski a hagunsa, matarsa a can baya inda ta ce ta fi jin iska. Auta ta yi bayani tiryan-tiryan, muryarta ba rawa. Shi bai fahimci rabin abin da take faɗa ba, amma kowace jimla sai ya gyaɗa kai ya waiga ya ga ko ana kallonsa.

Aka haska babban hoton da majigi, ya cika bango. Farfesa, wani ɗan siririn tsoho mai tabarau a kan hanci, ya tashi ya je gaban bangon ya daɗe yana kallo, hannuwa a baya.

"Hoton ya yi kyau ƙwarai," in ji shi. "Wa ya ɗauka?"

Auta ta buɗe baki, amma ubanta ya riga ya miƙe. "Ni ne, ranka ya daɗe. Mahaifinta."

"Madalla. Malam, ina son ka kai ni inda ka same ta. Na yi shekaru ina bin waɗannan halittu, ban taɓa samun mai fiffike irin wannan ba."

Kalli-Nan ya yi murmushin da yake yi wa sabon mai koyon aiki. Tela ya ja masa gefen riga, ya fizge.

"Ranka ya daɗe, ai ba za ka samu ba. Irin wannan ba samu ake ba, yi ake. Da ka ga yadda ta zo mini, da ba ka ce a haska ta a bango ba. Baƙa ƙirin, fiffiken nan duk jijiya. Ni na fito mata da kalarta."

Wani ɗalibi ya yi tari. Dakta ta cire tabaranta.

"Ka fito mata da kala," in ji Farfesa a hankali. "Ƙafafun fa?"

"Na aske. Gashi ne da ƙaya ko'ina, ga maƙwabcina nan mai aski, shi ma ya ga aikin ya yaba."

"Ni ban ga komai ba," in ji mai aski, yana kallon silin.

"Ƙahonnin?"

"A murɗe suke, na miƙe su. Amma duk wannan ƙaramin aiki ne. Ka dubi gizon nan da kyau, ranka ya daɗe. Ka ga alamar ɗinki? Ba za ka gani ba. To wallahi ba ƙafa ko ɗaya a jikinsa lokacin da na ɗauka. Ni na dasa masa su, takwas, na ƙirga."

Ya tsaya yana jiran tafi. Abin da ya zo maimakon tafi wata irin dariya ce da ta faro daga layin baya, ana danne ta tana ƙwacewa, har ta mamaye ɗakin. Farfesa bai yi dariya ba. Ya koma kujerarsa ya zauna.

"Malam," in ji shi, "akwai irin zanzaron da ke yanke wa gizo ƙafafu kafin ta ɗauke shi. Da wannan ake gane ta. Da jijiyoyin nan da ka goge ake gane ta, da ƙayoyin da ka aske, da ƙahonnin da ka miƙe. Ka kwanta a rana ka samo wa 'yarka duk shaidar da take bukata, sannan ka zauna a inuwa ka share ta ɗaya bayan ɗaya."

Sai a lokacin Kalli-Nan ya dubi Auta. Tana tsaye gefen bango, hasken majigi a rabin fuskarta, ba ta kallon kowa. Ya ji rigar da ke jikinsa ta yi masa nauyi.

Dakta ta ce, "Ba komai, a kawo na asalin. Suna ina?"

Kalli-Nan ya ce, "Na asalin... ai a kansu na yi aikin."

"Na cikin kyamarar fa?"

"An yi wani biki a makon jiya. Wuri ya cike, na goge su."

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon, sai wata 'yar ƙara da ta fito daga can baya, wadda ya san ta matarsa ce.

Malaman suka fita suka yi shawara suka dawo. Farfesa ya ce da a ce uban bai tashi ya yi wannan bayani da bakinsa ba, da hukuncin ƙirƙirar sakamako za a yi wa yarinyar, kuma wannan kora ce. Amma babu mai laifin da zai yi alfahari da laifinsa haka a gaban jama'a, don haka sun yarda ba ta sani ba. Sai dai bincike babu shi. Za ta sake daga farko in zanzaron sun dawo, ta fita bayan 'yan ajinsu.

Suka kama hanyar gida. Sai da suka kusa layi tela ya ce, "To, an dai karrama mu." Kalli-Nan ya ce, "Ka faɗa, ka samu bakin magana. Ni ne mutumin da surutunsa ya ceci 'yarsa daga aikinsa." Auta tana gaba, ba ta waigo ba.

Hukuncinsa na gaskiya bai zo ba sai lokacin yaye ɗalibai. Shagonsa ne mafi kusa da jami'a, don haka 'yan ajin Auta suka yi ta zuwa cikin riguna da huluna, ɗaya bayan ɗaya, suna zama a kujerarsa. Wasu sun gane shi, sukan ce, "Baba, a bar mini ƙafafuna yadda suke." Yakan yi dariya tare da su. Yana ce musu kalli nan, ta taga kuma yana hango Auta tana shanya a bayan gida da tsohuwar rigarta. Abin ya yi masa ciwo fiye da harbin.

Da damina ta dawo ta zo ta tsaya a ƙofar shago. "Ka ara mini kyamarar," in ji ta. "Ka nuna mini yadda ake saitawa. Kwamfutar kuma kada ka kusance ta."

Ya nuna mata duk abin da ya sani, yadda ake kwanciya, inda ake jira, yadda ake riƙe numfashi. Ita ta yi ta fita, shi yana riƙe mata lema daga nesa in ta yarda, in ba ta yarda ba ya zauna a kan katanga tare da tela. Rana ta ƙone ta ta yi baƙi, fatar hancinta ta saɓule, gwiwar hannunta ta yi kanta. Ana saura kaɗan ta gama, wata zanzaro ta harbe ta a ƙasan ido, wurin ya kumbura, da ya sace kuma ya bar tabo. Ta kare binciken a wani ƙaramin ofis, gaban malamai uku, ba taro ba majigi. Ta ci. Uban yana waje a kan benci, an ce kada ya shigo, shi ma bai nema ba.

Da yamma ta shigo shago da aron rigar yaye a leda. Ta saka, ta zauna a kujera, ta gyara hula.

"Ɗauke ni, Baba."

Ya saita fitila. Ya leƙa ta cikin kyamara ya ga hancin, ya ga baƙin, ya ga tabon. Bai ce mata kalli nan ba, domin tana kallonsa. Ya danna.

Ta tafi cire riga, shi kuma ya buɗe hoton a kwamfuta. Aikin minti kaɗan ne. Hannunsa ya san hanya, har ya kai kibiyar kwamfutar kan tabon ya tsaya a wurin. Ya daɗe a haka. Sannan ya tura hoton injin bugawa, ya sa hannuwansa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu har takardar ta fito.

Matarsa ta shigo ta ɗauka ta kai kusa da taga. Ta duba, ta dube shi.

"Baban Auta, ka manta ka cire mata tabon."

"Ban manta ba," in ji shi. "A duk hoton nan shi kaɗai ne aikina."